Yadda Za Ku Kai Yara Gidan Abinci Na Alfarma A Disney World, Ku Ci Cikin Natsuwa

Autana yana da shekara huɗu lokacin da muka fara gwada wannan abu. Kwananmu biyu da sauka Orlando daga Kano, cikin watan Agusta, muka kama tebur na ƙarfe 7:45 na dare a wani babban gidan abinci. Tun hantsi muke yawo cikin rana, daga wannan layi zuwa wancan. Kafin a kawo abincin farko yaron ya kifa kai a kan tebur, guntun burodi a hannunsa, barci ya sace shi. Yayarsa mai shekara bakwai ta fara matsar hawaye, wai takalmi ya matse ta. Ni da abbansu muka shiga karɓa-karɓa, wannan ya fita da ɗaya, wancan ya zauna da ɗaya, abincin da muka biya da tsada yana hucewa a gabanmu. Sai da muka koma masauki na dubi agogon hannuna, wanda ban canza ba tun daga gida. Ashe ƙarfe ɗaya saura kwata na dare ne a Kano lokacin da muka zaunar da su. Yaran ba su yi laifin komai ba.

Tun daga ranar na daina yarda da masu cewa ba a kai ƙananan yara irin waɗannan wurare. Ana kai su, kuma suna jin daɗi, har su riƙa ba da labari bayan shekaru. Abin da ke ɓata zaman ko ya gyara shi yana faruwa ne tun kafin a ja kujera: wane gida aka zaɓa, ƙarfe nawa, yaron ya yi barci ko bai yi ba, da yunwa ya shigo ko da ɗan abu a cikinsa. Ga yadda nake tsara abin yanzu, daki-daki.

Mataki na farko: ku zaɓi gidan da yaro zai sami abin kallo

Walt Disney World, katafaren wurin wasanni da shaƙatawa wanda aka buɗe ranar 1 ga Oktoba 1971 a kusa da Orlando ta jihar Florida, ba fili ɗaya ba ne. Filaye huɗu ne, Magic Kingdom da EPCOT da Hollywood Studios da Animal Kingdom, ga kuma otal-otal fiye da ashirin a warwatse tsakaninsu. Manyan gidajen abincin wasu suna cikin filayen, wasu suna cikin otal. Wannan bambanci yana taɓa aljihu: gidan da ke cikin fili sai kuna da tikitin shiga filin na wannan ranar, amma na otal kowa na iya zuwa ko da ba a nan ya sauka ba.

Ku fara cire waɗanda ba sa karɓar ƙananan yara. Victoria & Albert's da ke otal ɗin Grand Floridian, wanda ya sami tauraron Michelin (lambar yabo ta fitattun gidajen abinci) a 2024, ba ya karɓar yaron da bai kai shekara 10 ba. Haka Monsieur Paul da ke ɓangaren Faransa a EPCOT. Ko da yaronku ya cika goman, ku yi tunani sau biyu, domin zama ne na sa'o'i, ana kawo abinci ɗan kaɗan-kaɗan, kuma kuɗin mutum ɗaya ya isa ciyar da iyali duka a wani wurin.

Sauran kusan duk suna maraba da yara, suna da doguwar kujerar jarirai da jerin abincin yara. To a cikinsu wanne? Ni abin da nake dubawa guda ne: idan yaro ya ɗaga kai daga faranti, me zai gani?

California Grill yana hawa na 15 a otal ɗin Contemporary. Daga taga ana hango Magic Kingdom gaba ɗaya, da tafki, da jirgin ƙasan nan mai bin layi ɗaya a sama yana kai da komo. Yaro mai shekara biyar zai iya shafe minti ashirin yana ƙirga jirage. Kicin ɗinsu a buɗe yake, ana ganin masu girki suna aiki. Abincin kashi uku ne a kan ƙayyadadden farashi, na manya daban, na yara daban.

Otal ɗin Animal Kingdom Lodge shi ne wanda na fi so wa iyalan da suka zo daga gida. A can Jiko yake, gidan abincin dare mai girke-girken Afirka, sunansa ma kalmar Suwahili ce ta wurin girki. A ɗaya ɓangaren otal ɗin, wanda ake kira Kidani Village, akwai Sanaa. Wannan bai kai Jiko tsada da ƙawa ba, amma tagoginsa suna kallon fili inda raƙuman dawa da jakunan dawa ke kiwo, wani lokaci su matso dab da gilashi. Sunan Sanaa da kalmarmu ta sana'a tushensu ɗaya ne daga Larabci, kuma yara suna jin daɗi idan aka gaya musu haka. Idan kun shiga babban zauren otal ɗin ku nuna musu dodon Ijele na Ibo da aka girke a wurin, mai tsawon ƙafa 16, wanda aka kawo daga Najeriya. Babbar 'yata ta daɗe a tsaye gabansa, ta kasa yarda cewa abin ƙasarmu ne a tsakiyar Florida.

Akwai kuma Coral Reef a EPCOT, inda bango guda gilashin ƙaton tankin kifaye ne, da Space 220 wanda aka buɗe a 2021, inda ake shiga lif a nuna kamar an tashi da ku sararin samaniya. Cinderella's Royal Table yana cikin fadar nan da ke tsakiyar Magic Kingdom, 'yan wasa cikin shigar gimbiyoyi suna zagaya tebura. Yara mata kan so shi ƙwarai, sai dai ku sani kuɗin kallo kuke biya fiye da na girki, kuma ana biyan kuɗin duka tun lokacin kama tebur.

Gidajen gasasshen nama irin su Le Cellier, wanda aka gina kamar ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai duhu-duhu, ina barin su sai yara sun tasa. Abincin ba laifi, amma babu abin da zai riƙe idon ɗan shekara huɗu.

Shawarata ta ƙarshe a nan: a tafiyar mako guda, babban zama ɗaya ya isa, in an matsa biyu. Wanda ya jera su kowane dare zai gajiyar da yara, ya gajiyar da aljihunsa.

Mataki na biyu: lokaci, wanda shi ne uwar tafiyar

Tsakanin Najeriya ko Nijar da Florida akwai bambancin sa'a biyar daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, sa'a shida a sauran watannin. Ƙarfe 6 na yamma a Orlando ƙarfe 11 na dare ne a Kano ko Maraɗi, a lokacin sanyi kuma sha biyun dare. Babba zai iya daurewa da shayi, jikin yaro kuwa bai san agogon bango ba. Saboda haka kada ku sa babban zaman a kwanaki ukun farko. Ku bari sai rana ta huɗu ko ta biyar, lokacin da yaran suka daina farkawa da asubar fari suna neman karin kumallo.

Sannan ku nemi tebur na farko-farko. Yawancin manyan gidajen da ke otal suna buɗewa wajen ƙarfe 5 na yamma. Tsakanin 5 da 5:30 shi ne lokacin masu yara: zauren bai cika ba, kicin bai rikice ba, abinci na fitowa da sauri, kuma teburan da ke kewaye da ku yawanci iyalai ne irinku. Daga ƙarfe 8 zuwa sama lokacin ma'aurata ne da masu bikin cikar shekarun aure, waɗanda suka tara kuɗi don wannan dare ɗaya. Su ma suna da haƙƙi a kanmu.

Wani zai ce, to wasan wutan da ake harbawa sama fa, wanda saboda shi ake hawa California Grill? Ba sai kun zaunar da yaro har dare ba. Wanda ya ci abinci a can da wuri zai iya dawowa a daren da rasit ɗinsa, a hau da shi ya kalli wasan daga barandar sama, inda ake saka kiɗan da ke tafiya tare da wutar. Ku ci da biyar, ku sauka ku zaga bakin tafki, idan yaran suna da sauran ƙarfi ku koma. Idan barci ya ɗauke su, kun riga kun ci abincinku lafiya.

Abincin rana ma hanya ce mai kyau, kuma mutane ba su cika tunawa da ita ba. Tiffins a Animal Kingdom da Hollywood Brown Derby a Hollywood Studios suna ba da abincin rana. Daga Yuni zuwa Satumba zafin Florida mai gumi ne, irin na Legas, kuma kusan kullum da rana hadari yakan haɗu a yi ruwa da tsawa. Zama a cikin sanyin na'ura daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi hutu ne ga kowa. Sanaa kuwa dole da rana ko kafin faɗuwar rana, domin da duhu ya yi ba a ganin dabbobin sosai.

Ku saka salla cikin lissafi. A tsakiyar bazararsu rana ba ta faɗuwa sai wajen 8:25 na dare, don haka teburin ƙarfe 5 yana tsakanin la'asar da magariba ba tare da takura ba. A Disamba kuwa magariba na yi wajen 5:30, daidai lokacin da ake kawo abinci. Ku tsara tun daga masauki yadda za ku yi, kada sai kuna zaune ku fara duba agogo.

Mataki na uku: kama tebur

Ana buɗe kama tebur kwana 60 kafin ranar, ta manhajar My Disney Experience ko shafinsu na intanet. Wanda ya sauka a otal na Disney yana da fifiko: kwana 60 kafin ranar saukarsa zai iya kama na dukkan kwanakin zamansa har zuwa kwana goma. Ana buɗewa wajen ƙarfe 6 na safe agogon Florida. A nan bambancin lokaci ya yi mana rana, domin su suna tashi cikin duhu, mu kuwa ƙarfe 11 na safe ne ko 12 na rana. Ku buɗe asusun manhajar, ku saka katin banki tun kwana biyu kafin nan, ku tabbatar katin yana aiki a ƙasashen waje. Wuraren da ake rububi kamar Space 220 da fadar Cinderella suna ƙarewa cikin mintuna.

Wajen rubuta yawan mutane ku ƙirga kowa har jariri na goye, domin da wannan adadi ake ware tebur da wurin doguwar kujera. Iyalanmu sukan yi yawa, ga kaka, ga ƙanwar uwa. Idan kun kai takwas ko fiye kuma manhaja ta ce babu wuri, ku gwada raba kanku gida biyu a lokuta masu kusa da juna, idan kun isa ku roƙi a haɗa ku ko a sa ku kusa.

Katin da kuka saka jingina ne. A yawancin gidajen, wanda bai zo ba kuma bai soke ba aƙalla sa'a biyu kafin lokacin, ana cire masa dala 10 a kan kowane mutum. Wasu gidajen ƙa'idarsu ta fi haka tsauri, don haka ku karanta saƙon da za a turo muku bayan kun kama. Wannan damar ta sa'a biyu alheri ce ga mai yara: idan da rana kuka ga yaro ya yi zafin jiki ko ya galabaita, ku soke kawai. Kuma saboda mutane suna sokewa a ƙurarren lokaci, wanda bai samu ba tun farko ya riƙa leƙa manhajar ana gobe da kuma safiyar ranar.

Mataki na huɗu: maganar halal, tun kafin ku bar gida

Wannan ba abin da za a bari sai an zauna ba ne, yara na jin yunwa, mai hidima na tsaye da alƙalami. Jerin abincin kowane gida yana cikin manhajar, da farashinsa. Ku zauna ku karanta shi a gida cikin natsuwa.

Naman da ake dafawa a waɗannan gidaje ba yankan Musulmi ba ne sai in an faɗa muku haka ƙarara. Sunan wuri ma kada ya ruɗe ku. Ɓangaren Maroko a EPCOT, wanda Sarki Hassan na biyu ya aiko da magina suka ƙawata shi aka buɗe a 1984, yana da kyan gani kamar kana Fas, amma wannan ba shaida ba ce a kan naman da ke kicin. Disney suna da sashe mai kula da buƙatun abinci na musamman. Ku rubuta musu kwanaki kafin tafiya, ku faɗi gidan da ranar da yawanku, ku tambaya ko za a iya tanadar muku naman halal a wannan gidan. Amsar da suka bayar ita za ku riƙe.

Hanya mafi sauƙi, wadda ni nake bi, ita ce kifi da kayan lambu. Manyan gidajen nan sun iya kifi, kuma abincin da babu komai na dabba a cikinsa ana sa masa alamar ɗan ganye a jerin. Sai dai a girkin Turawa haram takan ɓuya a inda ba a zato. Kalmomin da za ku kiyaye idan kun gan su a rubuce su ne bacon, ham, pancetta, prosciutto da chorizo, duk alade ne. Akan barbaɗa su a kan salak, ko cikin dankali, ko a kan kifin kansa. Miyar da ake zubawa a kan kifi ko nama sau da yawa da giya ake haɗa ta, haka shinkafar Italiya mai danƙo da ake kira risoto. Kayan zaƙi kuma wasu da jelatin, wanda sau da yawa daga alade ake samo shi, ake daskarar da su, wasu an jiƙa su da barasa.

Da kun zauna ku gaya wa mai hidima a fili: ba ma cin alade, ba ma cin abin da aka dafa da giya. Babu kunya a cikin wannan. A waɗannan gidaje al'ada ce kuku ya fito har tebur idan akwai mai buƙata ta musamman, ya bi jerin tare da ku, ya ce wannan zan iya yi muku ba tare da miyar ba, wancan ku bar shi. Haka za ku yi idan yaronku yana da abincin da ke tayar masa da borin jini, kamar gyaɗa ko madara ko ƙwai, kuma shi wannan ku rubuta shi tun wajen kama tebur.

Jerin abincin yara na 'yan shekara 3 zuwa 9 ne. A manyan gidaje yakan ƙunshi gasasshen kifi, taliya da cuku, shinkafa ko dankali, da 'ya'yan itace. Yaron da ya saba da tuwo da miyar kuka da shinkafa da wake zai iya kallon taliya mai cuku ya kau da kai. Ku nuna masa hotunan abincin tun a gida, ya zaɓa da kansa. Abin da yaro ya zaɓa da bakinsa ya fi saurin ci.

Mataki na biyar: gwaji a gida

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makonni biyu kafin tafiya, ku yi zaman gwaji sau biyu ko uku. A shimfiɗa ƙyalle a tebur, a jera cokali da cokali mai yatsu da wuƙa, a zuba ruwa a kofin gilashi. Ku kawo abincin kashi-kashi, da tazarar minti goma a tsakani, domin abin da ya fi ba yaranmu wuya ba riƙon cokali ba ne, jira ne. A gida an saba a sauke tukunya a zuba, kowa ya ci ya tashi.

Dokokin kada su wuce uku, kuma yaranmu sun riga sun san su: a zauna, a yi magana a hankali, a ce an gode. Bismillah, cin abinci da dama, rashin kai hannu gaban wani, gaida babba, duk tarbiyyar da muke yi musu ce tun suna rarrafe, kuma ita ce ake nema a can. Kada ku tsorata yaro da cewa wurin manyan mutane ne, kowa zai kalle shi. Ku ce masa an gayyace shi ne saboda ya girma. Na ga yadda wannan kalma ɗaya take miƙar da bayan yaro.

Mataki na shida: ranar kanta

Ranar babban zama rabin yini ce a filin wasa. Ku fita da sassafe, ku koma masauki da azahar, a yi wanka, a yi salla, kowa ya kwanta ko da sa'a ɗaya. Wannan barcin ranar shi ne abin da ba na sassautawa a kansa ko kaɗan, ko da an sayi tikiti da tsada kuma zuciya na cewa a ƙara shiga layi ɗaya.

Kafin ku fita ku ba yaro ɗan abu kaɗan, ayaba ko dabino biyu ko biskit. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ya shigo da matsananciyar yunwa ba zai jira minti ashirin ba, wanda kuma aka cika masa ciki ba zai taɓa abincin ba.

Sutura ba matsala ba ce gare mu. Manyan gidajen da ke otal suna son shiga ta mutunci, ba sa yarda da kayan ninkaya. Kaftani da hula, atamfa, abaya, duk sun wuce abin da ake nema, har ma'aikata kan tsaya su yaba. A yi wa yara shiga mai sauƙi, kada a sa musu shadda mai sitaci ko sabon takalmin da ba a taɓa takawa da shi ba. Ku riƙe rigar sanyi, domin na'urar sanyaya ɗaki a Florida da ƙarfi ake kunna ta, yaron da ya shigo daga zafi nan da nan zai fara rawar ɗari.

Hanya takan ci mutane. Babu bas da ke tafiya kai tsaye daga wannan otal zuwa wancan, sai an bi ta wani fili ko ta Disney Springs, unguwar kantuna da gidajen abinci ta Disney, an canza. Ku ware sa'a ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ko ku ɗauki tasi. Daga Magic Kingdom zuwa Contemporary tafiyar kamar minti goma ce a ƙasa, kuma jirgin layi ɗayan yana tsayawa a can da otal ɗin Polynesian da na Grand Floridian. Keken tura yaro ana naɗe shi kafin a hau bas, a jirgin kuwa ana shiga da shi a buɗe. A ƙofar gidan abinci yawanci a waje ake ajiye shi, don haka ku ciro abin da kuke buƙata. Kafin a kai ku tebur, kowane yaro ya zaga banɗaki, ko ya ce ba ya ji.

Mataki na bakwai: a kan tebur

Ku roƙi tebur na gefe, ko kusa da taga, ko mai doguwar kujerar jingina da bango inda yaro zai iya kishingiɗa. Ba kullum ake samu ba, amma roƙo cikin ladabi yakan yi aiki. Yaro ya zauna ta ciki, babba ta waje. Ku janye wuƙaƙe da kyandir da kofunan gilashi daga gabansa, ku nemi kofi mai murfi.

Tun da kun riga kun karanta jerin a gida, ku faɗi duk abin da kuke so a zuwan mai hidima na farko, har da kayan zaƙi. Ku gaya masa gaskiya: muna da ƙananan yara, muna so mu gama cikin sa'a ɗaya da kwata. Sun saba da wannan, kuma za su daidaita kicin da ku.

Ga kuskuren da iyaye da yawa ke yi da kyakkyawar niyya: a ce a kawo abincin yara nan take. Yaro ya cinye cikin minti goma, sannan ya zauna sa'a guda ba abin yi, daidai lokacin da naku abincin ke zuwa. Abin da ya fi shi ne yaro ya fara da burodi da 'ya'yan itace yayin da kuke cin abin farko, babban abincinsa ya zo tare da naku ko gabansa kaɗan, kayan zaƙinsa kuma ya riƙe shi har ku ƙarasa. A Sanaa akwai tiren burodin Indiya da ake kawowa da ƙananan kwanonin miya tara, daga mai zaƙi har mai yaji. Yarana sun mai da shi wasa, kowa na dangwalawa yana faɗin wanda ya fi, har babban abinci ya iso ba su sani ba.

A jakata akwai ɗan littafin zane, fensir masu launi, da sitika, sababbi waɗanda ba su taɓa gani ba, kuma ɗaya bayan ɗaya nake fito da su. Waya ita ce ta ƙarshe, idan komai ya ƙare, kuma ba tare da sauti ba. Ba na ganin laifin uwar da ta miƙa waya don ta samu ta ci abincinta da zafinsa, amma ƙarar katun a teburin kusa tana damun mutane fiye da surutun yaro.

Idan kuka ya ɓarke, kada a tsaya lallashi a zaune, kada kuma a yi tsawa. Ɗayanku ya ɗauki yaron ya fita, a zaga zauren otal ko a tsaya a baranda minti biyar. Ku yanke tun a masauki wa zai fara fita, don kada a tsaya kallon-kallo. Yawo tsakanin tebura kuwa ba a yarda da shi ko na minti ɗaya, saboda masu hidima suna wucewa da manyan tire da abinci mai zafi, kuma ba sa ganin ɗan ƙaramin da ke ƙasa. Idan abin ya ƙi daidaituwa, ku ce a zuba muku sauran a mazubi ku tafi da shi. Abu ne da ake yi kullum a Amurka, babu mai kallon ku.

Mataki na takwas: lissafin kuɗi

Farashin da ke rubuce ba shi ne abin da za ku biya ba. Akwai harajin sayayya na kashi 6.5 cikin ɗari a yawancin yankin, sannan tukwicin mai hidima. A Amurka tukwici ba kyauta ce ta ganin dama ba, da shi ma'aikacin ke rayuwa, kuma abin da aka saba kashi 18 zuwa 20 ne. Idan abincinku ya kama dala 300, haraji dala 19.50 ne, tukwici 54 zuwa 60, jimla kusan 380. Idan kun kai mutum shida ko fiye, ana saka kashi 18 ɗin kai tsaye a cikin takardar, don haka ku duba da kyau kada ku biya sau biyu. In yaranku sun zubar da shinkafa a ƙasa kuma mai hidima ya share da fara'a, ku ƙara masa wani abu.

Ku tuna kuma da shekara 10. A gidajen ƙayyadadden farashi da na ɗebi-da-kanka, yaron da ya cika goma kuɗin babba ake caji, ko da cinsa bai wuce na tsuntsu ba. Wanda bai kai uku ba yana iya ci daga farantinku kyauta. Ruwan sanyi na famfo kyauta ne, na kwalba kuwa da kuɗi, don haka idan an tambaye ku wanne kuke so ku san amsar.

Shekara biyu bayan wancan dare na farko muka koma, wannan karon teburin ƙarfe 5:10 a rana ta biyar, bayan barcin rana. Autan ya ci kifinsa da kansa, ya tambayi mai hidima sunansa, ya ce masa ya gode. Da muka fito rana ba ta faɗi ba tukuna. A cikin jirgi ya jingina da kafaɗar abbansa, kafin tasha ta biyu ya yi barci, takardar zanensa a naɗe cikin aljihun kaftani.